Jijiyar da Aka Hana Hutu

Litinin, 22 ga Satumba 2003, ƙarfe biyu na rana

Layi a miƙe. Sau shida na ba hannun Baba kuran, wato wutar lantarki, sau shida allon ya nuna mini layi a miƙe.

Shekara huɗu ina awon jijiyoyin mutane a kilinik ɗin nan. In manna faifai biyu a kan nama, in ɗora sandar kuran a kan jijiya, in danna, naman ya zabura, allo ya zana ɗan tudu. Tudun nan shi ne amsar jijiya. Na yi wa direbobi, na yi wa masu ciwon sukari, na yi wa wani ƙaton jandarma da ya suma tun kafin in taɓa shi. Yau na yi wa ubana, Malam Salifu mai surfani, wanda rabin manyan rigunan Zongo daga ƙarƙashin allurarsa suka fito, hannunsa na dama kuwa bai ce mini uffan ba.

Wata uku ke nan tun abin da ya faru a mahaɗar Kamsaoghin. Ƙashi bai karye ba. Jijiyar da ke ɗaga tsintsiyar hannu ce ta bugu a damtse, hannun ya langaɓe, yatsu na dunƙulewa amma ba sa buɗuwa.

Likita Kabo, maigidana a wurin aiki, ya cire tabarau ya ce, "Madmazel Raliya, a wata uku ya kamata mu ga wani abu, ko yaya yake. A dawo bayan sati biyu. In haka ne, sai wuƙa."

Na ce, "Dokta, da asuba ina ganin babban yatsansa yana ɗagawa."

Ya ce idon ɗiya ba na'urar awo ba ne. Da faransanci ya faɗa, wai don kada Baba ya ji. Baba ya shekara sittin a birnin nan na Waga, yana jin baƙar magana da yare huɗu.

Talata, 23 ga Satumba, bakwai na safe

Ya ɗaga. Yana alwala na gani, babban yatsan ya tashi kaɗan ya koma. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa a gidan nan?

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan magariba

Na dawo aiki na tarar da taro a zaure kamar ana raɗin suna. Yayana Zulkifli ne ya kawo wani injin tausa mai girman sabulu, da wayoyi biyu da faifan roba, mai cin pil huɗu, wato batir. Tun da babbar kasuwa ta ƙone yake yawo da kayan lantarki a bakin titi, yau rediyo gobe tocila, yanzu kuma ya zama likitan jijiya. Ya manna wa Baba faifan, ɗaya sama da wurin bugun ɗaya ƙasa, naman hannun sai ɓari yake. Gwaggo Indabo, yayar Baba, tana gefe tana kabbara, wai ga shi yana motsi.

Na ce a kashe.

Zulkifli ya ce, "Don me? Ke kuran kike sa masa a wurin aikinki, sunansa ilimi. Ni na sa masa a gida ya zama haramun?"

Allah shaida na yi ƙoƙarin bayani. Na ce ni bugu ɗaya nake yi, in saurari amsa, in jira. Injin nan kuwa bugu yake ba ƙaƙƙautawa. Na ce jijiya tana da ƙananan ƙofofi a jikinta. Duk saƙon da ya wuce, wani gishiri mai suna sodiyom yana kwararowa ciki, wani mai suna potasiyom yana fita. Bayan nan dole ta kwashe wanda ya shigo, ta dawo da wanda ya fita, kafin ta ɗauki wani saƙon da kyau. Na ce ku dubi tsakar gidan nan in an yi ruwan Agusta, sai mun kwashe da bokiti kafin a shimfiɗa tabarma. Lafiyayyar jijiya nan da nan take kwashewa. Mai rauni, wadda rigarta ta saɓule, in aka yi mata ruwa a kan ruwa, sai ta yi shiru ta daina kai saƙo.

Gwaggo ta ce, "To in gishiri ne, a rage masa a miya mana."

Aka kwashe da dariya. Har Baba ya murmusa.

Zulkifli ya ce, "Bon, masu ilimi. Ai ilimin ne ya kai mu inda muke." Yana faɗa yana kallon lungun da motona yake, babur ɗin nan nawa, lulluɓe da tampol tun watan Yuni.

Na fizge wayoyin, na tura injin a kwalinsa, na kulle a akwatin ƙarfe na marigayiya Inna da ke ɗakina. Makullin yana wuyana. Wanda ya isa ya zo ya karɓa.

Juma'a, 26 ga Satumba, tara na safe

Ba wanda ya amsa gaisuwata sai Baba. Ko oho.

Asabar, 27 ga Satumba, biyar na yamma

An sake zuwa an duba lambar fentin da ke bangonmu. Unguwar duk ta tashi, tun da aka ce ZACA, shirin gwamnati na sake gina tsakiyar gari, za ta ci Zongo kowa ke cire abin da zai ciru. Gidan maƙwabtanmu su Aminata ba ƙofa ba taga, kana wucewa kana hango inda gadonsu yake da. Amalanken jakuna sai fita suke da kwanon rufi.

Baba ya hana a taɓa zaurensa. Rigar Alhaji Hamadu mai goro tana nan a ninke a kan tabarma, aska takwas ce, an yi biyar, allura na soke inda ya tsaya. Ya yi alkawarin ta don ƙaramar salla. Kullum bayan la'asar sai ya buɗe ta, ya shafa da hannun hagu, ya ninke. Na tsani wannan rigar. Na tsani Alhaji Hamadu da ke zuwa yana cewa, "Ba gaggawa, Malam, ba gaggawa," idonsa a kanta.

Lahadi, 28 ga Satumba, bayan azahar

Gwaggo ta samo wata mata a unguwar Pissy mai jan jijiya da man kaɗe, wai ta miƙar da hannun wani mai fasa dutse a kwana uku. Na ce ba inda za a kai shi, ba wanda zai ja hannun nan.

Ta ajiye faifan tsinta ta dube ni. "Ke dai komai a'a. Da kina taka birki yadda kike taka mutane, da ba mu zo nan ba."

Baba ya ce, "Yaya, ya isa."

Ai ta riga ta faɗa. Na ɗauki kwanona na shige ɗaki. Tuwon ma ya yi gudaji.

Laraba, 1 ga Oktoba, bakwai na safe

Ya ɗaga. Yau har da manuniya, in ba idona ba ne.

Asabar, 4 ga Oktoba, sha biyu na rana

Zulkifli ya ce wani yana son motona, in zan sayar. Na ce ya sayar da bakinsa, ya fi kasuwa.

Litinin, 6 ga Oktoba, uku na yamma

Layi a miƙe.

Sun zo tun ƙarfe tara da taksi, shi da Zulkifli, suka zauna a bencin da ke ƙarƙashin darbejiya a waje, wai ɗakin jira ya cika wari. Baba da babbar riga ya zo kamar mai zuwa ɗaurin aure, haka ya yi wancan karon ma. Da layi ya zo kansa na leƙa taga na kira sunansa, ya shigo ya kwanta, na naɗe hannun rigar. Fatar ta yi ja a wuri biyu. Na ce a raina man da muke shafawa ne bai karɓe shi ba, zan canza.

Na danna. Na ƙara kuran na danna. Likita ya karɓa ya danna da kansa. Ya ce Baba ya gwada ɗaga yatsa, Baba ya yi ta nishi har gumi ya keto masa, yatsan da na gani da asuba ko gezau.

Likita ya ce jijiyar ta yiwu ta tsinke daga ciki. Za a buɗe damtsen ranar Alhamis, ashirin da uku ga wata. In an tarar da gurbin ya lalace za a yanke shi, a ciro wata jijiya daga ƙafa a yi ƙari.

Baba ya ce, "Allura fa, likita?"

Ya ce, "Cokali dai za ka riƙe, Malam. Allura ba na alkawari."

Baba ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya sauke hannun rigarsa. Ni na rubuta takardar da hannuna, na sa kwanan wata, na buga hatimi. Rubutuna bai ko karkace ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Talata, 7 ga Oktoba, shida na yamma

Saura kwana goma sha shida.

Alhamis, 9 ga Oktoba, biyu na rana

An kawo wata mata mai fasa dutse, yatsunta uku sun mutu saboda guduma. Jijiyarta ta matsu a wuyan hannu amma tana amsawa, tudun ya fito ƙarami. Likita Kabo yau koyarwa ta motso masa. Ya ce matar ta matse yatsunta iya ƙarfinta na minti ɗaya, sannan in sake dannawa. Na danna, tudun ya ragu rabi. Muka jira, ina dannawa jefi-jefi, yana tasowa a hankali har ya koma yadda yake.

Ya ɗauki biro yana zane a bayan takarda. Wai bayan aiki mai yawa pompin da ke jikin jijiya, wani ɗan famfo, yana fitar da sodiyom uku, ya shigo da potasiyom biyu, uku da biyu, uku da biyu, har cikin jijiyar ya faɗi ƙasa da inda ya saba zama. Ga wasu ƙofofin potasiyom masu nawa da ba sa saurin rufewa, su ma suna ƙara ja ƙasa. A wannan lokacin saƙo in ya iso wurin rauni ba ya iya tsallakewa. Sai wata ƙofar, ita ma mai nawa, ta buɗe ta riƙa ɗago ta, bilfu-bilfu in ji Mosawa, kaɗan-kaɗan.

Duk na san wannan tun ina makaranta muna fiɗar kwaɗi. Na tsaya ina gyaɗa kai kamar yau na fara ji. Mutumin nan ya iya zaƙin baki a kan hannun baƙuwa, hannun ubana kuwa minti goma ya ba shi.

Da na dawo gida wani abu ya riƙa yi mini yawo a ka. Na buɗe akwatin Inna, kwalin injin na nan inda na sa shi. Na rufe.

Asabar, 11 ga Oktoba, bakwai na safe

Ya ɗaga. Ni kaɗai nake gani, ko ni kaɗai nake haukacewa.

Litinin, 13 ga Oktoba, bayan la'asar

Kwana goma. Gwaggo ta yi sadakar masa, ta aika kowane gida da ya rage a layinmu. Gida shida ne suka rage. Ni ba a ajiye mini ba, ban kuma tambaya ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, shida na yamma

Taksi ya bi da ni ta Kamsaoghin. Na ce ya canza hanya, ya ce nan ta fi kusa. Na sauka na ƙarasa da ƙafa ta Tiendpalogo, gwiwata tana ciwo har gida.

Juma'a, 17 ga Oktoba, bayan masallaci

Baba ya kira Alhaji Hamadu ya ce ya ɗauki rigarsa ya kai wa wani ya ƙarasa. Alhaji ya ƙi, ya ce ɗinkin hannu biyu a riga ɗaya ko makaho zai gane. Suka yi ta ja-in-ja cikin ladabi, ina jin su daga ɗaki, har na ji kamar in fito in yayyaga rigar kowa ya huta.

Da Alhaji ya tafi Baba ya kira ni. Ya ce in zare masa allurar daga jikin rigar, kada ta yi tsatsa ta ɓata yadin. Na zare. Ya ce in sa a gwangwaninta. Na sa.

Lahadi, 19 ga Oktoba, goma na safe

Kwana huɗu. Ba na son kowa a gidan nan ya yi mini magana, kuma ba su yi.

Litinin, 20 ga Oktoba, huɗu na yamma

Dole in rubuta wannan.

Yau ne ɗibar jini da awon ƙarshe kafin tiyata. Wanda ke gaban Baba a layi bai zo ba, sai na samu sarari. Maimakon in leƙa taga in kira kamar kullum, na zagaya ta baya don in kai masa zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi. Suna kan bencin, sun ba ni baya. Tun kafin in iso na ji wata 'yar ƙara kamar ta ƙudan zuma. Hannun babbar rigar yana lulluɓe da damtsen Baba, yadin yana ɓari.

Na yaye. Injin ne a cinyarsa, an murɗe shi har ƙarshe, faifan biyu a daidai inda fatar ta yi ja.

Ban san lokacin da kofin ya faɗi ba. Na fizgi injin na maka da ƙasa, na taka shi, pil suka watse har ƙarƙashin motar wani. Na juya kan Zulkifli. Na kira shi ɓarawo, na kira shi jahili ɗan talla, na ce shi zai sa a yanka ubanmu a banza. A gaban marasa lafiya, a gaban mai gadi, a gaban mai sayar da lemo. Yayana ne, shekara shida ya ba ni, ban bar masa komai ba. Ya tsaya yana kallona.

Baba ya ce, "Raliya."

Ban tsaya ba.

Ya ce, "Raliyatu, ni na sa shi."

Na tsaya.

Ya ce, "Akwatin uwarki ni na saya mata, makulli biyu gare shi. Yaron nan ya ce kin hana, na ce ni ne ubanku ku duka."

Na ce tun yaushe. Ya ce duk ranar awo. Tun suna cikin taksi yake kunnawa, ba ya kashewa sai ya ji na kira sunansa ta taga. Ran farko ma haka, tun kafin in san da injin. Na ce don me, Baba, don girman Allah don me?

Ya dube ni kamar ni ce ban gane ba. "Moto ma in za a yi tafiya da safe ai sai an tada shi ya ɗumama. Wa ke hawa a sanyinsa? Jarrabawa za a yi wa hannun, na ce gara ya shiga da zafinsa."

Likita Kabo ya fito saboda hayaniya. Ya dubi fasasshen injin, ya dube ni, ya ce nan ba tashar mota ba ce, in tafi gida. Ba a yi awon ba.

Awa ɗaya da rabi kowane zuwa. Ina ciki ina goge faifai, ina canza man shafawa, shi yana waje yana kashe mini amsar da nake nema.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Sabulun wanki ne a cikin kwalin injin da na kulle a akwatin Inna. Da na buɗe shi ranar nan da na sani.

Na kai wa Baba man ƙuna, don wurin ya tashi, kuma ba ya jin zafin sosai balle ya sani. Ina shafawa na ce, "Na yi muku bayani a zauren nan, kuka yi mini dariya."

Ya ce, "Kin ce kada a yi kullum. Ni kuwa ranar awo kaɗai nake yi." Can ya ce, "Wurin aikinki ne. Gaban maigidanki ne. Ke kika ɗauko ni a moto ranar nan, ke kuma aka ba awon. Ban so hannun nan ya kunyata ki sau biyu ba."

Na rufe kwalbar man na fito. Haushinsa nake ji, wallahi haushinsa nake ji, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Talata, 21 ga Oktoba, sha ɗaya na safe

Na tare Likita Kabo tun yana kafe motarsa. Bai so saurare ba. Ya ce shirun da nake magana na 'yan mintoci ne, in ya yi yawa awa guda, ba ya mayar da tsinkakkiyar jijiya lafiyayya.

Na ce, "Dokta, daga benci zuwa gadona minti biyu ne. Sai na kira suna ake kashewa. Ita matar dutse minti ɗaya ta matse, ka ga abin da ya faru. Shi awa ɗaya da rabi."

Ya tsaya da makulli a hannu. Ya ce me ya sa ban lura ba. Na ce shi me ya sa bai yarda ba da na ce yatsan yana ɗagawa. Na zaci kora ce za ta biyo baya, kuma a lokacin ban damu ba.

Ya ce gobe ƙarfe sha ɗaya, sau ɗaya tak. Shi zai danna, ba ni ba. In layi ne a miƙe, jibi wuƙa, kuma ba ya son ya sake jin bakina.

Talata, shida na yamma

Zulkifli bai kwana gida ba jiya, yana wurin abokinsa Iliya. Gwaggo ta ce na zubar da mutuncin gidan a titi. Gidan da saura wata guda a rushe.

Na hana Baba komai. Ba tausa, ba matsa ƙwallo, ba gwada yatsa don a gani. Ya ce ko tasbihi? Na ce da hagu.

Laraba, 22 ga Oktoba, uku na yamma

Ni na kai shi da kaina, na ce ya sa 'yar shara mai gajeren hannu. Ya yi ta ƙunƙuni wai kamar ɗan dako. Muka zauna a bencin tun tara, na ɗora hannun a cinyata, tafin yana kallon ƙasa. Awa biyu ba mu yi komai ba. Ban taɓa sanin zama haka yana da wuya ba. Sau uku ya ce ko ɗan murzawa ne a yi masa, sau uku na ce a'a. Wajen goma da rabi na hango Zulkifli a bakin get, bai shigo ba, ni ma ban kira shi ba.

Sha ɗaya muka shiga. Na manna faifan a gefen ƙunar, na koma jikin bango na harɗe hannu. Likita ya ɗora sandar sama da wurin bugun ya danna.

Tudu. Ƙarami, bai fi ƙwayar shinkafa ba, kuma ya iso a makare. Amma tudu ne.

Ya jira ya sake dannawa, ya sake fitowa a wuri ɗaya. Ya yi sau biyar. Sannan ya ce Baba ya ɗaga babban yatsa, yatsan ya tashi ya tsaya yana rawa, likita na kallo.  Ya jawo takardar da na rubuta, ya ja mata layi biyu, ya ce a soke tiyatar gobe, a dawo bayan wata guda, kuma duk wanda ya sake kawo kuran kusa da hannun nan shi da shi ne. Baba ya tambayi allura. Ya ce ba wannan sallar ba, watakila babba. Ya fita bai dube ni ba, ban kuma buƙata ba.

Na leƙa taga na ɗaga wa Zulkifli takardar mai layi biyu. Ya gane. Ya zauna a ƙasa a nan bakin get ɗin, ya rufe fuska da hularsa. Zan ba shi haƙuri, amma sai na nemo bakin da zan yi da shi.

Baba bai kalli allon ba ko sau ɗaya, ni yake kallo. Ina ɓanɓare faifan ya ce, "Ya amsa ke nan?"

Na ce, "Ya amsa, Baba."

"A gaban likitan?"

"A gabansa."

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Yanzu sai ki sassauta wa mutanen gidan nan. Wata huɗu kina hora su, ni kuwa da abin ya sama ban taɓa tuhumarki ba."

A nan ne abin ya ƙwace mini. Na gaya wa 'yan sanda rana ce ta haske mini ido, na gaya wa Gwaggo haka, na gaya wa Zulkifli haka, ko a littafin nan ban rubuta ba. Na ce, "Baba, ranar nan na ga jar wutar. Na gan ta sarai. Na makara aiki ne, na ce zan wuce kafin motar ta iso."

Ya miƙo mini hannun don in cire faifan da ya rage.

Ya ce, "Na sani. Ai ina bayanki, ni ma na gan ta."